Wai B450 tsoho ne?

Na Agege: Jama'a, abin nan ya ishe ni. A 2019 wasu bod (babban allon kwamfuta, motherboard) na B450 da X470 suna tafiya da PCIe 4.0 (hanyar da SSD da katin hoto ke bi su yi magana da firosesa) in an ɗora firosesar Ryzen 3000 ta kamfanin AMD, sai AMD ta bi ta BIOS (manhajar da ke tada bod) ta rufe shi a sabuntawar AGESA 1.0.0.3ABB. Don kawai a yar da tsohon bod a sayi X570. Cin zali ne ƙarara.

Mai Gyara Ikeja: Malam, B450 ɗin ne tsoho? A 2018 fa ya fito. Sabunta BIOS ka ɗora masa Ryzen 5 5600, tashi zai yi. Tsoho shi ne bod ɗin H61 na Intel mai RAM ɗin DDR3 da ke jibge cikin kayan tokumbo.

Alhajin Alaba: Tsufan bod ba a shekara yake ba, ƙanena. PCIe 4.0 ya ninka PCIe 3.0 sauri. In ba a zana layukan tagullar don wannan gudun ba, sigina ke lalacewa, SSD ya riƙa ɓacewa ana tsakar aiki.

Mai Gyara Ikeja: Alhaji, haka aka ce a 2020, wai guntun BIOS mai 16MB ba zai ɗauki Ryzen 5000 ba. Da aka yi musu caa suka janye. A 2022 har bod ɗin A320, wanda ya girmi B450, ya samu.

Ɗan Idi-Araba: Kun tasa AMD gaba kun ƙyale Intel. Bod ɗinta na Z270 da Z370 duk mazaunin firosesarsu mai fil 1151 ne, amma firosesar i3-8100 ba ta tashi a Z270 sai an yi wa BIOS tiyata.

Alhajin Alaba: Fil ɗin wuta aka ƙara a Z370. Kai dai ɗan AMD ne tun fil azal.

Mai Gyara Ikeja: Mai son sabunta BIOS: filasha FAT32, a bod na MSI mai maɓallin Flash BIOS ka mayar da sunan fayil MSI.ROM, ka jona wutar 24-pin da 8-pin. Kar ka fara babu UPS. NEPA ta ɗauke a tsakiya, sai CH341A (na'urar sake rubuta guntun BIOS), kuma guntayen BIOS na bod ɗin AM4 (irin su B450) da yawa 1.8V ne, babu adafta ƙonewa za su yi.

Ɗan Idi-Araba: UPS mai mataccen batir? Inbata dai.

Na Agege: To maganar PCIe ɗin fa?

Admin: Mun rufe. Abin da aka cimma: Intel ce mai laifi, B450 kuwa da sauransa. Akwai guda uku a shago, mai so ya biyo ni ta ciki.