Neman kalma kafin ƙarfe bakwai: «changement de zonage» da ƴan uwanta

Mai Labarun Yamma: Salamu alaikum jama'a. An kawo mini sanarwa da Faransanci, da Hausa zan karanta ta a labarun ƙarfe bakwai. Maganar wani fili ce a bakin garin nan namu na Damagaram, gonaki ne a da, yanzu ana so a yi gidaje da shaguna a wurin. Inda na maƙale: wai kafin «changement de zonage» sai an yi «étude de capacité des infrastructures». Ku taimaka, amma ban da dogon turanci, lokaci ya ƙure.

Ɗan Zango: Ka ce lotisma ka huta. Kowa ya san ta.

Tsohon Mai Awo: A'a ɗana, lotisma daban. Lotisma ita ce a yanka fili parsel-parsel, a kafa borni, a fitar da layuka. Zonage tana gabanta: takardar tsarin gari ce ke faɗin nan gidajen kwana, nan kasuwa, nan an bar wa lakwal ko likita (wato makaranta ko asibiti), nan ba a gini don hanyar ruwa ce. In an canza ta, aikin da aka ba filin ne aka sauya. Ka ce «sauya wa fili aiki».

Malama ta Sabon Gari: Wannan ta zauna, Baba. Infrastructures kuwa an daɗe da gama ta: «ababen more rayuwa». Haka gidajen rediyon waje ke faɗi kullum.

Baban Birni: More rayuwa? Hajiya, matar da ta tashi tsakar dare a watan Afrilu ta jera bido a bakin pampo, morewa take yi? Wanda ya ƙago kalmar nan bai taɓa sayen ruwa wurin ɗan garuwa a bazarar Damagaram ba. Morewa sai an ƙoshi. Ni na daɗe ina cewa «jijiyoyin gari». Tiyo jijiya ce, wayar wuta jijiya ce, gudron da magudanar ruwa duk jijiyoyi ne. A tsinke ɗaya a ga yadda unguwa za ta shanye.

Malama ta Sabon Gari: To ajin lakwal fa, da gadon likita? Su ma suna cikin lissafin, kuma ba jijiya ba ne. Ga shi kuma in ya faɗa a rediyo, tsofaffi za su ɗauka shirin lafiya aka fara.

Baban Birni: Da farko kowace kalma baƙuwa ce. Don dai ba daga Kano ta fito ba shi ya sa. In Bakano ya yi atishawa sai mu rubuta a ƙamus.

Ɗan Zango: Baba, su ke da jaridu da maɗaba'u, dole tasu ta yi nisa. Mu rabin maganarmu aron Faransanci ne: kartiye, meri, kuran.

Baban Birni: Su kuma kwalta da tebur gadon kakansu ne? Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar Yamai. Ganuwar Sarki Tanimun da wace Hausa aka gina ta, ta rediyon waje?

Ɗan Zango: Ai masarautar ma tushenta Barebari ne, Baba.

Baban Birni: Yaro, ka tsaya kan zancen da ake yi.

Mai Labarun Yamma: Jama'a, shida ta wuce, har yanzu ba wanda ya taɓa capacité.

Tsohon Mai Awo: Ita ce ma zuciyar sanarwar. Garin nan a kan dutse yake zaune, ba a samun ruwan kirki a ƙarƙashinsa, shi ya sa ake janyo shi daga nesa: Gogo da Macaya, Arunguza, Ganaram. Saboda haka in za a mai da gona unguwa, abin tambaya shi ne faɗin tiyon da ya iso gefen nan, da ko ruwan zai hau har ƙarshen layi in an ƙara ɗaruruwan pampo, ko kuwa tsofaffin unguwanni za a rage wa nasu. Wuta ma haka: tiransifon da ke wurin an auna shi ne da gidajen da ke akwai, ba da injin niƙa da na walda da za su biyo shaguna ba. Abin da aka fi mantawa kuma ruwan sama. Gona tana shanye shi, kwano da siminti ba sa sha, duka zai gangaro kan na ƙasa. Wanda ya ga daminar 2024, har tsohon masallacin Birni ya rushe, ba sai an yi masa bayani ba. Duk tambaya ɗaya ce: za su ɗauka ko ba za su ɗauka ba? Kada ka nemi suna, yi amfani da aikatau.

Malama ta Sabon Gari: «Ƙarfin ɗauka» ke nan.

Tsohon Mai Awo: A takarda, i. A kunne «ko za su ɗauka» ta fi sauƙi.

Mai Labarun Yamma: Ga abin da na rubuta: «Kafin a sauya wa filin aiki daga noma zuwa gidaje da shaguna, sai an bincika ko ruwan pampo, wuta, hanya, magudanan ruwa, lakwal da likita na wurin za su ɗauki sababbin mazauna.» Na jera su ɗaya-ɗaya, ban sa more rayuwa ba, ban sa jijiya ba.

Malama ta Sabon Gari: Ka tsallake rijiyar ne kawai. Ni gobe a aji kalma guda ɗalibai za su nema, kuma more rayuwa zan ba su tunda ita za su ji a waje.

Baban Birni: Karanta hakan, ba laifi. Amma ranar da aka ba ka shirin rabin awa kan maganar nan, ba ka iya jero abu shida a kowace jimla. Ka san inda nake.

Ɗan Zango: Ku bar ganin kun sha wahala, duk wanda zai bugo waya bayan labarun lotisma zai ce, ya tambayi kuɗin parsel.