Ta yaya ake auna ingancin rayuwar yaro, kuma maganar wa ake ɗauka?

Ɗalibar lafiyar al'umma ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta kundin kammala karatu a kan yara masu fama da ciwon da ke daɗewa a jiki, irin su asma da ciwon suga da sikila. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, nauyi da tsayi da yawan jini duk akwai na'urar auna su, amma jin daɗin rayuwa ba a ɗora shi a kan sikeli. Shin akwai hanyar aunawa da masu bincike suka amince da ita? Kuma idan yaro ya faɗi abu ɗaya, mahaifiyarsa ta faɗi wani daban, wanne ake rubutawa?

Malamin jami'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Hanyar tana nan, kuma tushenta shi ne ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bai wa lafiya a kundin tsarinta da ya fara aiki a 1948, inda ta ce lafiya ta haɗa jiki da tunani da zamantakewa, ba rashin cuta kaɗai ba. A kan wannan aka gina takardun tambayoyi da aka gwada ingancinsu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su a asibitoci ita ce PedsQL, ta James Varni a Amurka, mai tambayoyi 23: guda 8 a kan ƙarfin jiki, sai biyar-biyar a kan yanayin zuciya da hulɗa da sauran yara da harkar makaranta. Yaro yana iya amsa ta da kansa tun daga shekara 5, iyaye kuma suna amsawa a madadinsa tun daga shekara 2. Akwai kuma KIDSCREEN da aka tsara a ƙasashen Turai 13 domin 'yan shekara 8 zuwa 18, mai nau'i uku: tambayoyi 52, ko 27, ko 10. Shawarata ita ce kada ki ƙirƙiro taki takardar, domin in kika yi haka ba za ki iya kwatanta sakamakonki da na kowa ba.

Likitar yara ta amsa:

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi muhimmanci, 'yar'uwa, kuma amsarta ita ce a rubuta duka biyun, kowanne a gurbinsa, kada a haɗa su a fitar da matsakaici. An sha samu a bincike cewa iyaye da 'ya'yansu sukan yi kusan daidai a kan abin da ido ke gani, kamar ko yaro yana iya gudu ko hawa bene, amma sukan saɓa a kan abin da ke ɓoye a zuciya, wato tsoro da damuwa da kaɗaici. Iyayen yaro mai lafiya sukan ɗauka yana jin daɗi fiye da yadda shi yake ji, su kuwa iyayen mara lafiya sau da yawa sukan ga rayuwarsa ta fi muni a kan yadda shi yake ganin ta, saboda fargabarsu tana shiga cikin amsar. Wannan saɓanin shi kansa sakamako ne da ya cancanci babi a kundinki.

Ki kula da yadda za ki yi tambayar. Yaron da ke amsawa mahaifinsa na zaune kusa da shi zai faɗi abin da ba zai ɓata wa mahaifin rai ba ne. Izinin iyaye wajibi ne, amma ana neman yardar yaron shi ma, kuma sashe na 12 na Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ba shi haƙƙin a saurari ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi.

Ma'aikacin rigakafi ya rubuta:

Ku gafarce ni, ni ina da ja. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 4.9 suka rasu a 2022. Anya ba a nan ya kamata kuɗin bincike su tafi ba, kafin a kai ga tambayar yaro ko yana jin daɗin makaranta?

Malamin jami'a ya sake amsawa:

Jan naka yana da hujja, Malam, sai dai adadin da ka kawo ya haura miliyan 12 a 1990. Yaran da aka ceto sun girma, wasunsu da nakasa ko ciwon da za su rayu da shi, kuma rajistar mace-mace ba ta faɗin komai game da halin da suke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana da larurar tunani, abin da gwajin jini ba ya nunawa. Shi ya sa binciken HBSC, wato binciken lafiyar 'yan makaranta a ƙasashe da dama, da ake maimaitawa duk shekara huɗu a kan ɗalibai 'yan 11 da 13 da 15, yake sa yaro ya zaɓi matakin rayuwarsa a kan hoton tsani daga 0 zuwa 10.

Gargaɗi ɗaya gare ki, Malama. Tunda sau ɗaya za ki tambayi yaran, ba ki da ikon cewa ciwon ne ya jawo raguwar makinsu. Alaƙa kawai za ki iya nunawa. Masu kusantar gano sanadi su ne waɗanda ke bin mutane tsawon shekaru, kamar binciken Dunedin a New Zealand, wanda yake bibiyar mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Abin da ke hannunki shi ne ki samo yara masu lafiya, sa'o'insu a shekaru da jinsi, ki ba su takardar iri ɗaya domin kwatanci.