Ƴan Jos ku zo, muna son zuwa ganin tsofaffin ramukan kuza

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ƴan Jos ku taimaka mana da shawara. Ni da abokaina muke son tasowa daga Kano wata Asabar mu zo ganin wuraren da Turawa suka haƙi kuza, na ga hotunan kududdufan nan masu ruwa kore shar a Facebook wlh sun tafi da imanina. Akwai ramukan da ake shiga ciki da tocila kamar kogo ne, ko duk ruwa ya cinye su? Kuma wuni ɗaya zai ishe mu?

Ɗan Bukur:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka cire maganar shiga da tocila a ranka. Turawa ba ramin ƙarƙashin ƙasa suka fi yi a nan ba, yaye ƙasar suke daga sama da manyan injina su wanke ta da ruwa su tsince kuzar, shi ya sa abin da suka bari shi ne makeken rami da tulin jar ƙasa a gefe, damina ta zo ta cika shi, mu dam muke ce musu. Daga Rayfield zuwa Bukur har Barkin Ladi duk inda ka waiga za ka gani.

Ramin da ake shiga shi ne loto, na ƴan haƙar hannu, kamar rijiya suke yinsa sai an kai ƙasa a yi kwana gefe a bi kuzar, a riƙa jawo ƙasa da bokiti da igiya. Ba katakon tokara ba komai, rufta musu yake kuma ana rasa rayuka. Tsofaffin ma sun fi haɗari don ciyawa ta rufe bakinsu, kana cikin tafiya sai dai ka ji ƙafa ta zurma. Ku nemi ɗan gari ya shige muku gaba, kuma ku tambayi yanayin tsaro kafin ku nufi ƙauyukan Barkin Ladi ko Riyom.

Sarkin Iyo:
Haba Ɗan Bukur kar ka tsorata baƙi mana, mu da muka tashi muna wanka a dam ɗin nan.

Ɗan Bukur:
Kai ka san gefen da kake shiga, su fa? Bakin dam ba kamar na rafi ba ne, taku biyu ka yi sai zurfi, ƙasan laka ce mai riƙe ƙafa ga sanyin ruwan yana ɗaure jijiya. Su yi hoto daga tudu kawai.

Baba Mai Ritaya:
Yarana, in za ku zo ku fara da gidan tarihi na Jos, tun 1952 aka buɗe shi, ku ga kayan aikin kuza da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa. Akwai ƙaramin layin dogo da ya haɗa Zariya da Jos a 1914 don kwasar kuzar nan, an rufe shi a 1957. Mutum-mutumin Nok ma da ake ta magana, wurin haƙar kuza aka fara tono su a 1928. Sannan ku sani ramukan nan da gumin kakanninku aka yi su, a lokacin yaƙin duniya na biyu daga 1942 zuwa 1944 an kwaso mutane dole daga lardunan Arewa, diban gwamna ake cewa, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a barikoki. Mahaifina bai taɓa ce wa wurin nan yawon buɗe ido ba. Harkar manyan kamfanonin ta mutu murus ne bayan farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, kamfanoni suka watse ba su cike ko rabin abin da suka tona ba.

Maman Ilham:
Malam Ɗan Fagge in kogo kuke so na gaske ku wuce gandun dajin Yankari na Bauchi. Akwai kogunan Marshall guda 59 da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse, ƙofar wasu sai ka sunkuya sosai, ciki kamar ƙaramin ɗaki, sai dai warin kashin jemage, ni kam leƙawa na yi na fito. Ba a zuwa sai da ma'aikacin gandun. Kun gama ku faɗa ruwan Wikki, shi ɗumi ne da shi kuma kana hango yashin ƙasansa. Amma fa ba za ku haɗa da Jos a wuni ɗaya ba, sai kun kwana.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Toh mun tsayar, Jos tukuna, za mu biyo ta Falgore da Saminaka da sassafe, Yankari sai bayan sallah. Ɗan Bukur duba inbox na turo maka saƙo, kai za ka yi mana jagora in kana gari.