Digiri a koyar da ƙananan yara: in ajiye aiki ko in yi ta nesa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da difloma ta koyarwa, kuma ina riƙe da ajin 'yan shekara uku zuwa huɗu. Ina son yin digiri a fannin ilimin ƙananan yara. In ajiye aiki in shiga jami'a gaba ɗaya, ko in yi karatun nesa ina aikina? Sannan diflomar za ta rage mini shekaru?

Malamin jami'a: Wa alaikumus salam. Digirin shekara 3 ne ko 4, gwargwadon ƙasa, kuma ya shafi yaro tun daga haihuwa har shekara 8. Da girman yaro ake farawa: jikinsa, harshensa, tunaninsa da zamansa da 'yan'uwansa. Za ki karanta Froebel da ya buɗe makarantar wasan yara a Jamus a 1837, da Mariya Montessori da ta buɗe gidan yara a birnin Rum a 1907, da Piaget, masanin yadda tunanin yara ke girma. Kada ki mai da su hadda. Ki zuba ruwa daidai a kofi biyu, ki juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gaban ɗan shekara 4, yawanci zai ce ruwan ya ƙaru. Malamar da ta gane dalilin haka ba za ta tsawata wa yaro a kan lissafin da tunaninsa bai kai ba.

Mai tambaya: Na gode Malam, amma maganar diflomar fa?

Shugabar makaranta: Ƙanwata, ki kai wa jami'ar takardar sakamakonki mai jera duk kwas ɗin da kika yi, su rubuta miki waɗanda za su ɗauke miki. A rubuce, ba da baki ba. Wasu na ɗauke shekara guda, wasu ba sa ɗauke komai. Kafin ki biya ko kwabo, ki tabbata hukumar da ke yi wa malamai rajista ta amince da digirin. Inda 'yan karatun nesa ke maƙalewa shi ne koyarwar gwaji: dole malami ya zo ya zauna a aji ya ga yadda kike koyarwa, kuma ba kowace jami'a ke yarda ki yi a ajinki ba. Ta fuskar kuɗi, na nesa ya fi sauƙi.

Tsohuwar malama: Wane sauƙi? A haɗa kuɗin data, da zirga-zirga zuwa wurin jarrabawa, da makonnin gwaji da ba albashi, a ga inda aka tsaya. Kuma a gaya mata gaskiya. A makarantu masu zaman kansu da yawa, mai digiri da marar digiri albashinsu ɗaya in dai ajin reno ne, don kallon mai raino ake yi mata. Littafi ya ce malama ɗaya ga yara kaɗan, a zahiri a tara mata aji fal ba mataimakiya. Wuni take a durƙushe, baya ya lalace, murya ta dishe, duk murar da ta shigo aji sai ta ɗauka. Yaro ya faɗi a filin wasa kuwa, ita ce mai laifi.

Malamin jami'a: Hajiya, ba a musun wannan. Amma a wurare da yawa ba a ba mutum shugabancin sashen ko aikin horar da malamai sai da digirin.

Tsohuwar malama: Malam, da girmanka, wanda bai taɓa lallashin yara goma masu kuka a lokaci ɗaya ba, shawararsa rabi ce.

Shugabar makaranta: A'a Yaya, daɗewa a aji ma tana iya zama maimaita kuskure ɗaya shekara ashirin.

Ɗalibi a fannin: Ni dai a ƙara mana kwas na nemo takalmi wari ɗaya kafin iyaye su iso.

Mai duba makarantu: Babban abin da ke ɓata aikin nan iyaye ne masu son ganin ɗan shekara 3 yana cika littafi da rubutu. Hannunsa bai yi ƙwari ba tukuna. Yawancin yara suna iya kwaikwayon da'ira a wajen shekara 3, gicciye a 4, mai kusurwa uku sai wajen 5, haruffa kuwa daga waɗannan zane-zanen aka haɗa su. Abin da yatsu ke buƙata shi ne murza yumɓu, zura duwatsun ado a zare, yaga takarda, yanka da almakashin yara. In aka tilasta fensir da wuri, yaro ya damƙe shi da tafin hannu, ya gaji, ya tsani rubutu, gyaran riƙon kuma ya zama aiki.

Tsohuwar malama: To ki hana aikin gida ki gani. Zango mai zuwa an kwashe yaran an kai inda ake bayarwa, mai makaranta ya juyo kanki.

Mai tambaya: Iyayena, har yanzu ba a ce mini in ajiye aikin ko kada in ajiye ba.

Mai duba makarantu: Ana zuwa. Hajiya, a taron iyaye a baje musu zanen yaro na farkon zango da na ƙarshensa gefe da gefe, da kwanan wata a jiki. Kin taɓa ganin an gwada hakan an kwashe yara?