Tambaya: ta ina za mu fara aikin farfaɗo da daji a kan tsauni a ƙasar Zuru?

ƊalibarDaji:
Assalamu alaikum malamai. Mu shida ne, ɗaliban ajin ƙarshe a fannin gandun daji. An ba mu gangaren wani tsauni a ƙasar Zuru, inda masu gawayi suka sare manyan itatuwa, ruwa kuma ya fara yin kwazazzabo. Damina ɗaya da rani ɗaya gare mu, kuɗin kuma kaɗan ne. Wasunmu na ganin mu sayo dashe mu cika wurin. Haka ya dace, ko akwai abin da ya kamata ya riga shi?

MalamGandu:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ku dakata da dashen, awo ne farko. In ba ku rubuta yadda kuka tarar da wurin ba, babu abin da za ku gwada da shi baɗi.

Ku yanki fili mai mita 20 tsawo, 20 faɗi. Ku yi guda tara: uku a kan tsauni, uku a tsakiya, uku a gindi, domin ƙasar sama ba ta da zurfi, ta gindi kuwa ita ke tara laka da danshi. Kowace kusurwa ku kafa guntun rodi, ku buga shi har ya kusa nutsewa, sannan ku shafa fenti a dutsen da ke kusa. Rodin da ya fito fili ba ya kwana, masu jari-bola za su ɗauke. Lambar GPS ta waya tana kuskure da mitoci da yawa, don haka ku haɗa da hoto daga kusurwa ɗaya, kuna fuskantar waje ɗaya kullum.

Kaurin itace ana auna shi a tsayin mita 1.3, mai awo yana tsaye ta ɓangaren sama na gangaren. Ku zagaya tef, ku raba da 3.14. Ku ɗiga fenti a daidai wurin, in ba haka ba wanda ya dawo zai auna ƙasa kaɗan, ya rubuta girman da itacen bai yi ba. Kututture ma ku ƙirga shi, ku rubuta ko yana toho. Ƙananan tsiro ku ƙirga su cikin mita 5 da 5, ciyawa cikin mita 1 da 1. Abin da kuka samu a babban fili ɗaya mai mita 20 da 20 ku ninka sau 25, shi ne na hekta. A kowane mataki na tsaunin ku bar fili ɗaya ba ku taɓa shi ba, shi ne shaidarku.

MaiJerenDutse:
Maganar Malam haka take. Ƙari na, ruwa za ku fara tarewa, kuma daga sama ake farawa. Wanda ya fara daga gindi, ruwan Agusta zai taho da ƙarfinsa ya watsa masa aiki.

Ku nemi farar tiyo da ake ganin ruwan cikinta, mai mita 10, da sanduna biyu masu alama iri ɗaya. Ku cika tiyon da ruwa, ku fitar da kumfar iska. Inda ruwan ya tsaya daidai a sandunan biyu, wuraren nan tsayinsu ɗaya, nan layinku zai bi. Ku haƙa rami mai zurfin santimita 10, manyan duwatsu ta ɓangaren ƙasa, ƙanana da tsakuwa ku cusa ta sama, tsayin jeren kamar santimita 25 zuwa 30. Ƙarin tsananin gangare, ƙarin kusancin layuka. Ku dasa gamba a bayan jeren ta sama, saiwarta ce za ta riƙe lakar. A cikin kwazazzabo kada ku gina dogon bango. Rabin mita ya isa, tsakiyarsa ta fi gefe gajarta, in ba haka ba ruwa zai zagaya ya ci gaɓa. Ku tambayi dattawan Lelna, wato Dakarkari, kakanninsu sun daɗe suna jera dutse a waɗannan tsaunuka.

Don sanin ko ƙasa na tafiya, ku kafa rodi mai santimita 50, ku bar 10 a waje, ku auna da rula duk wata. Kada a taka kusa da shi.

UwarGandunDashe:
Ƙanwata, kuɗin dashen nan ku adana shi. Kututturen marke, taramniya ko kalgo da ke toho yana da saiwar shekaru a ƙasa, zai tsere wa duk abin da kuka ɗauko a leda. Ku zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ku yanke sauran da wuƙa mai kaifi, yankan sama, don kada ɓawo ya ɗaye. Wannan ne sassaben zamani da ya dawo da itatuwa a gonakin Maradi tun shekarun 1980.

Inda babu kututture ne za ku shuka. Can sama cikin duwatsu hano da kukkuki suka fi jurewa. Ɗorawa, maɗaci da kaɗanya ku kai su gindi. Irin ɗorawa a jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. Ƙwarar kaɗanya kuwa ba ta ajiyuwa, a binne ta cikin kwanaki kaɗan da faɗuwarta. Dashe ya shiga ƙasa daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, a kewaye kowane da ƙaya saboda awaki. A watan Nuwamba ku share ciyawa mita 3 zuwa 5 kewaye da filayen, tun kafin masu farautar gafiya su saka wuta.

ƊalibarDaji:
Allah Ya saka da alheri. To maganar izini da tsaro fa, Malam?

MalamGandu:
Ku kai takardar makaranta ga hakimi, shi zai haɗa ku da mai unguwa da ɗan jagora. Ku zauna da makiyaya, ku tabbata filayenku ba su hau burtali ba. Kowace safiya ku tambayi halin hanya, in mutanen gari suka ce kada a hau yau, to kada a hau, kuma ku sauko kafin la'asar. Masu ɗaga dutse su sa takalmin roba mai tsawo, su fara juya dutsen da sanda, domin kububuwa a ƙarƙashinsa take kwanciya. In ta sari mutum, ba ɗauri ba tsaga, a hana ƙafar motsi a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji, wanda ya kamata ku san inda yake tun kafin ranar farko.