Neman shawara: zango 4 nake da su, Malam ya ce 3 ne

Salamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗalibin ilimin kwamfuta ne nan Damagaram, jarrabawa saura kwana 4, darasin rage otomat kuwa ya tsaya mini a maƙogwaro. Otomat wani inji ne na zane a takarda da ke karanta kalma harafi bayan harafi, a ƙarshe ya karɓe ta ko ya ƙi ta; rage shi kuwa shi ne haɗe halayensa masu aiki iri ɗaya. Halayen otomat nake kira zango: A, B, C, D. Daga A ake tashi, D kaɗai ke karɓar kalma. Harafin a yana kai kowane zango B. Harafin b yana kai A zuwa C, C zuwa A, B zuwa D, D zuwa C. Jiya a fada har shayina ya huce ina zane a bayan kwali. A da D kaɗai na ga kibansu na sauka wuri guda. In haɗe su?

Wani yaya daga Birni: Kul, ƙanena! D na karɓa, A ba ya karɓa, sun rabu tun kafin a karanta harafi ko ɗaya. Ba wurin saukar kibiya ake dubawa ba. Zango biyu ɗaya ne idan duk kalmar da ka ba su, ko su karɓa tare ko su ƙi tare. Dubi A da C da kyau.

Wata malamar lissafi: Ɗana, bi hanyar Moore ta 1956. Kasa su kashi biyu: D shi kaɗai, A, B, C tare. Sai ka tambayi kowane: harafin nan wane kashi yake kai ka? Da b, B na tsallakawa wurin D, A da C kuwa suna nan cikin kashinsu, don haka ware B. Sake zagayawa: a na kai A da C wurin B, b na musayar su a tsakaninsu. Ba abin da ya ƙara rabewa, ka tsaya. Kashi 3 ke nan. Otomat ɗinka kalmomin da suka ƙare da ab yake karɓa.

Wani daga Sabon Gari: Ranar jarrabawa fara share zangon da ba a iya kai masa daga mafari, nan na taɓa zubar da maki. Amsa kuma ɗaya ce tak, sai dai sunayen zanguna su bambanta, ƙa'idar Myhill da Nerode ta tabbatar. Hanyar Hopcroft ta 1971 ta fi sauri, amma a takarda Moore ya ishe ka.

Mai tambaya: Na gwada bab daga A, na gwada daga C, duka a D suka sauka. Allah ya saka da alheri, Malama.