Neman kalma: me za mu kira "jin-diraib" a shirin ranar Laraba?

Mai Shirin Manoma: Assalamu alaikum. Ranar Laraba za mu naɗi shiri a fadamar Auyo kan sababbin dabarun yaƙi da sauro, ga kalmar Turanci "jin-diraib" (gene drive) ta tsaya mini a wuya. Na rubuta "sauya halittar sauro", na goge. Manoman shinkafa ne masu saurare. A agaza.

Malamin Kimiyya: Gara da ka goge, bai faɗi komai ba, sai dai ya tayar da wa'azi. A ƙa'ida ɗa yana gadar kwafi biyu na ƙwayar gado, na uwa da na uba, shi ya sa ƙwayar gadon da aka dasa wa sauro rabin 'ya'yansa kaɗai take samu. A wannan dabara ana haɗa ta da almakashin Cas9 da ɗan jagoran da ke nuna masa wurin yanka. A cikin ƙwayoyin haihuwa sai ya yanke ɗaya kwafin, jiki ya zo ɗinkewa ya kwaikwayi dasasshen. Kusan duk 'ya'yan sai su gada. Ni "rinjayen gado" na gani.

Jami'ar Lafiya: Malam, ka raba shi da dabarar bakararen namiji. A can maza ake kiwo, a lalata musu haihuwa da tururin nukiliya, a sake su har su fi na daji yawa, ƙwan macen da suka barbara ya zama baragurbi. Sai an yi ta maimaita saki. Da irin haka aka gama da ƙudan tsando a tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997, kuma teku ne ya hana wasu shigowa. Wannan kuwa da kansa yake tafiya.

Baba Mai Ƙamus: To ai kin faɗe shi, 'yata. Abin da ke tafiya da kansa sunansa yaɗo. "Gado mai yaɗo". Ka shuka kabewa gindi ɗaya, ka dawo ta haye danga. Rinjaye kuma ai ba zaɓe ake yi ba.

Malamin Kimiyya: Allah ya gafarta Malam, yaɗo a fili yake tafiya, wannan daga iyaye zuwa 'ya'ya. Manomi zai ɗauka sauro na shafa wa sauro kamar ƙyanda.

Baba Mai Ƙamus: Ba ka taɓa jin an ce zuriyar wane ta yi yaɗo ba? Kai da ka cika mana kunne da "kwafi" za ka gyara mini Hausa? Ita "ƙwaya" ma, a bakin samarin yau ka san abin da take nufi.

Ɗan Bichi: Baba, a faɗe ta yadda take kawai. Intanet wa ya fassara?

Baba Mai Ƙamus: Ku Kanawa ku ne ɗorawa harshe kayan aro. A Haɗeja ba mu gaji haka ba.

Ɗan Bichi: Daidaitacciyar Hausa dai an san inda aka ɗebo ta, ranka ya daɗe.

Jami'ar Lafiya: Ku bari mana. Kowace aka zaɓa, a faɗi inda abin ke ɓaci. Wani lokaci ɗinkin yakan karkace, jagoran ya kasa gane wurin, a sami sauron da almakashi ba ya kamawa, shi kuma ya hayayyafa. Don haka masu binciken Landan suka nufi ƙwayar da ke raba mace da namiji, wadda ba ta jure canji. A 2018 sauron keji ya ƙare ƙaf cikin zuriya 7 zuwa 11. Keji fa na ce. Waɗanda aka saki a ƙauyen Bana na Burkina Faso a 2019 bakararun maza ne, ba masu wannan gadon ba, kuma gwamnatin ƙasar ta dakatar da aikin a 2025. Sannan dangin sauron da ake kira gambiye aka nufa, wani sauron zazzaɓin mai suna funestus ba ya ciki. Kada wani ya ji shiri ya naɗe gidan sauronsa.

Malamin Kimiyya: "Ya ƙare ƙaf" ma hujja ce a kan yaɗo. Wane yaɗo ne ke ƙarar da gindinsa?

Baba Mai Ƙamus: Ka tambayi mai gero game da ƙuduji.

Mai Shirin Manoma: Na gode, lokaci ya ƙure. Zan faɗi ta Turancin sau ɗaya, in bi da "rinjayen gado", in kawo kabewar Baba a wajen misali.

Baba Mai Ƙamus: Misali kawai? To. Ka dai saurari wadda manoman za su maimaita in an kashe na'ura.